Rabin-Juyi da Waken da Ya Hau Silin

Tun kafin a laƙaba masa suna Rabin-Juyi, akwai ranar da ya yi wa ƙarfe ƙari mai yawa a tashi ɗaya, kuma har yau shaidar tana nan a silin ɗin kicin ɗinsu.

Lokacin yana sabon ango, matashin bakanike, kai cike da ilimin da ba wanda ya roƙa. Amaryarsa tana da tukunyar nan mai murfin kulle, wadda ke dafa abinci da matsin tururi, da ɗan ƙarfe a saman murfin da ke rawa yana sakin tururin in ya yi yawa. Ya dawo da yunwa ya tarar wake na kan wuta, ita kuma ta fita shanya. Ya tsaya ya ƙura wa ɗan ƙarfen ido yana ta fesar da tururi a banza. Zuciyar bakanike ba ta jure ganin asara. Ya laluba aljihu ya zaro wani ƙaton noti, ya ɗora a kai ya danne, ya koma falo ya miƙe ƙafa kamar wanda ya gyara duniya.

Ƙarar da ta biyo baya sai da ta fito da maƙwabta ba takalmi. Amarya ta shigo da kwandon shanya a hannu, ta dubi tukunya, ba wake. Ta dubi ƙasa, ba wake. Sannan ta ɗaga kai.

"Wa ya taɓa min tukunya?"

"Ba taɓawa na yi ba, ƙarfi na ƙara mata. Ki gane, in matsi ya ƙaru zafi ya ƙaru, in zafi ya ƙaru wake ya nuna da wuri."

"To ya nuna?"

Ya ɗaga kai shi ma ya duba. "Da alama ya nuna."

"Madalla. Ga tsani can jikin katanga, ga cokali. Hau ka ci kar ya huce."

Ya sayo sabuwar tukunya, ya kankare silin, ya kawo fenti. Ta ce ya fenta ko'ina amma ya bar mata wani tabo guda daidai saman murhu, mai faɗin faranti. Tun daga nan ba ta ƙara ɓata bakinta wurin gardama da shi ba. In ya fara dogon bayani sai kawai ta ɗaga ido sama. A kicin, a falo, a gidan mutane, har a fili inda ba komai sai gajimare, in ta ɗaga ido sai ka ga mutumin ya haɗiye sauran maganarsa. Aure ya yi ta tafiya lafiya a haka, amarya ta zama Inna, 'ya'ya suka girma suna zaton duk uwaye mata haka suke kallon sama.

Abin dariyar shi ne, duk sana'o'in da ke cikin kanikanci, sai ya ƙare a wadda aikinta ƙara matsi. Gyaran turbo ya ƙware a kai. Rumfarsa ta kwano tana bayan layin masu walda, da benci mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗun, da kanta inda tsofaffin turbo ke jere kamar dodon koɗi. Duk wanda ya zo sai ya yi masa karatu ko bai tambaya ba. Turbo fanka ce, in ji shi, hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuma ta cusa wa inji iska. Iska da yawa, mai da yawa, ƙarfi da yawa. A gefenta akwai 'yar ƙofa da ke buɗewa ta saki hayaƙin in matsi ya isa, kuma wata siririyar sanda mai zare ce ke riƙe da ƙofar. Ka gajarta sandar, ƙofa ta yi jinkirin buɗewa, matsi ya hau. Ɗan ƙarfen kan tukunya ke nan, sai dai bai taɓa kawo wannan misalin da bakinsa ba.

Samari sukan zo da motocinsu suna huci, a ƙara musu wuta. Sai ya ce a buɗe gaba. Ya duba fulogi, ya murza baƙin mai tsakanin yatsu ya shinshina, ya matsa kowane tiyo kamar mai zaɓen tumatir, ya leƙa lagireto, ya taka kuloci ya saurara. Ya tambayi mai mota inda yake shan mai, da wanda yake ɗauka kullum, da ko yana da wata motar a gida. In ka ce ba ka da wata, shi ke nan, ka shiga hannu. Bayan ka sayi duk abin da ya lissafa, sai ya sa sifana a sandar nan ya murɗa rabin juyi, ya ɗaure, ya goge hannu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Je ka yi ta zirga-zirgarka, ka dawo mako mai zuwa mu ji me za ta ce."

Da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo har yau motocinsu na kan titi, ko da yake ba wanda ya taɓa waiwayowa ya kalle su.

A gida ma bai bar iyali sun huta ba. In an dawo daga unguwa ba ya kashe mota nan take, wai turbo ta yi zafi, sai an bar mai ya zagaya ya sanyaya ta. Kowa ya zauna shiru a ƙofar gida inji na kaɗawa, yara na matse fitsari, baƙi na kallon juna. Inna ta sa wa abin suna zaman makoki. Ko fita za a yi takan ce wa yara, "Ku zaga tun yanzu, akwai makoki in an dawo."

Shekaru suka ja. Idonsa ya fara yana, tuƙi ya gagare shi sai dai a zaunar da shi gefe yana taka birkin da babu. Inna kuma ƙoda ta juya mata baya. Likita ya ɗora ta kan wankin ƙoda, ranaku sanannu a kowane mako, da sassafe. Ba irin alƙawarin da ake ɗagawa ba ne. In aka makara sai a ba wani na'urar, ta zauna kan benci har rana ta karkata. In aka tsallake rana gaba ɗaya, ƙafafunta su kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, gidan ya yi tsit. Sau ɗaya hakan ta faru, lokacin da aka rufe hanya, kuma Rabin-Juyi bai son ko tuna yadda ta kwanta tana kallon silin ba don ta ci shi gardama ba.

Mota ɗaya ce a gidan, tsohuwa mai launin toka, da turbo ɗinta tun daga kamfani. Auta ke jan ta. Auta ya girma, gemunsa ya fi na uban cika, amma auta auta ne. Da safe ya kai uwarsa asibiti, sauran yini ya yi jigilar fasinja da ita, abin da ke riƙe da tukunyar gidan ke nan. Asibitin kuwa yana can saman wani dogon hawa, hanya siririya, hannu ɗaya mai zuwa ɗaya mai dawowa, tireloli na rarrafe a kai suna tusar baƙin hayaƙi. Motar takan bi bayansu tana nishi kamar 'yar rakiya.

Wata rana Auta ya shigo rumfa ya jingina da kanta.

"Baba, motar nan ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Jiya mai keke ya wuce mu a hawan asibiti. Har ya ɗaga wa Inna hannu."

"Ta amsa?"

"Ta amsa. Baba, duk garin nan kai ake kawo wa a ƙara wuta, amma motar gidanka ce abin tausayi."

"Tana kai ku?"

"Tana kai mu."

"Tana dawo da ku?"

"Baba, jaki ma yana dawowa. In ba za ka taɓa ta ba, ranar Asabar zan kai wa Mai Kwamfuta."

Mai Kwamfuta ba mugu ba ne, kuma ya san aikinsa. Shagonsa na bakin babban titi, yana jona waya a mota ya sauya mata tunani. Sai dai halin tela gare shi, in ka ce a matse maka riga zai matse, ko numfashi zai gagare ka. Rabin-Juyi ya san abin da Auta zai ce a matse. Ya kuma san tsohon inji in aka ɗura masa iska fiye da man da yake samu, zafi ke cin fistin a hankali, mota ta yi ta gudu lafiya lau, sai wata safiya ta tsaya. Kuma mota ba ta zaɓar safiyar da ba kowa a kujerar baya.

Ga makulli a hannun yaro yini guda, ba yadda za a hana shi. Sai dattijo ya yi abin da dattawa ke yi in dabara ta ƙare musu, ya ƙirƙiro wata.

"Kawo ta gobe. Ka bar min ita, ka tafi."

Bai taɓa sandar ba ko da rabin juyi. Ya manna wani geji mai haske a gefen sitiyari, bayan ya zare allurarsa ya mayar da ita gaba kaɗan, yadda ko an ɗan taka totur za ta yi tsalle ta nuna abin alfahari. Sannan ya ɗaura wani bawul da wani saurayi ya bari a rumfar, wanda duk aka ɗaga ƙafa za a sa giya sai ya saki iska da ƙara. Motar ta koyi tsaki. Daga ta ɗaya zuwa ta biyu, tsaki. Daga ta biyu zuwa ta uku, tsaki mai tsawo, irin na matar da aka yi wa tayin banza a kasuwa.

Auta ya zagaya layi ya dawo haƙora waje. "Baba! Ka ji ta? Ashe haka take!"

"Haka take," in ji uban, kuma a nan bai yi ƙarya ba.

Kwanaki suka wuce lafiya. Mai Kwamfuta bai ga Auta ba, fasinjoji suka riƙa tambayar wace irin mota ce wannan, Rabin-Juyi ya riƙa tafiya yana ɗan fito. Inna ce kawai ta ce, tana ɗaura ɗankwali, "Motar nan dai ta koyi rashin kunya, amma ban ji ta koyi tafiya ba." Ya yi kamar yana neman takalminsa.

Ranar da abin ya fashe Rabin-Juyi yana cikin motar, a gaba, don likita ya ce yana son ganinsa. Inna na baya da bargonta da jakar magani. Suka tarar da tirela mai ɗauke da siminti a tsakiyar hawan, tana tafiya kamar ana jan ta da igiya. Auta ya leƙa, ya dubi gejinsa mai haske, ya sauke giya. Mota ta yi tsaki. Ya fita hannun masu dawowa ya take totur.

Allura ta tashi sama. Motar kuwa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da tayoyin tirela, tana ta ihu, ba ta wuce ba, ba ta koma ba. Idon Rabin-Juyi ba ya gani da nisa, amma ya ga wani abu fari mai faɗi yana girma daga saman hawan.

"Koma."

"Baba bari, yanzu za ta ɗauka, dubi allura..."

"Allurar ƙarya take! Ba komai a cikinta, ban ƙara komai ba! Koma!"

Auta ya take birki ya faɗa bayan tirela, bas ta wuce da hon ɗinta har motar ta girgiza. Ya ɗaga ƙafa zai sa giya. Motar ta yi tsaki.

Rabin-Juyi ya saci kallon madubi. Inna ta tattara bargonta, ta gyara zaman jakar magani, sannan a hankali ta ɗaga ido ta kalli rufin mota.

Sai da aka jona wa Inna na'ura a asibiti, Auta ya fita waje ya huce, sannan ta yi magana.

"Malam."

"Na'am."

"A da ka ƙara ka ɓoye min. Yanzu ka ƙi ƙarawa ka ɓoye masa. Ni dai duk wake nake gani a sama."

"Tsoro na ji kar ta lalace."

"To ai ga ta nan lafiya lau, mu ne muka kusa lalacewa. Ka sa yaro ya yi tsalle da ƙafar da ba shi da ita. Ko ka ba shi ƙarfin gaske, ko ka cire masa na ƙaryar."

Ya yi duka biyun. Washegari ya cire bawul mai tsaki ya jefa a kwandon tarkace, ya mayar da allura mazauninta, ya kira Auta. Auta ya zo fuska a ɗaure, ya gaishe shi gaisuwar da ake yi wa maƙwabcin da ba a shiri.

"Riƙe fitila," in ji uban. "Idona ba ya kaiwa can ciki. Abin da ka gani ka faɗa min."

Abu na farko da Auta ya gani wani tiyo ne da ya tsage ta ƙasa, baƙin mai ya yi masa gemu. Ashe iskar da turbo ke turawa rabi a titi take zubewa, motar ko abin da kamfani ya ba ta ba ta samu. Bakanike ya shekara yana matsa tiyon mutane, nasa na gida bai matsa ba. Auta ya buɗe baki zai faɗi haka, ya ga fuskar uban, ya rufe.

Suka sauya tiyo da maɗaurai. Suka sa sababbin fulogi. Suka kwance ɗan lagireton da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji, suka wanke ƙwari da ƙasar da suka toshe shi. Suka juye baƙin mai, suka sauya matatar mai, suka duba kuloci ya ce zai ɗauka in ba a zalunce shi ba. Tun kafin a taɓa sanda motar ta fara tafiya kamar ta tuna wani abu. Sannan Rabin-Juyi ya sa hula, ya ce a kai shi wurin Mai Kwamfuta.

Mai Kwamfuta ya taso da fara'a. "Yau rana ta fito ta yamma. Dattijo da kansa?"

"Iska tawa ce, mai naka ne. Zan ƙara mata numfashi kaɗan, ka ƙara mata abinci daidai da shi. Gara ya ɗan yi yawa da ya gaza."

Ya miƙa wa Auta sifana. "Rabi."

Auta ya murɗa rabi. Suka hau hawan asibiti da rana tsaka, lokacin da zafi ya fi tsanani, Mai Kwamfuta a baya da na'urarsa kan cinya, Rabin-Juyi a gaba ya rufe ido ya karkata kunne, yana sauraron ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani da inji ke yi in an matsa masa. Bai ji ta ba. Bayan mako guda ya kwance fulogi ya sa Auta ya faɗa masa launinsu, ya yarda aka ƙara wani rabin. Daga nan ya ɗaure noti, ya ɗiga masa jan fenti, yadda in wani ya taɓa za a gani.

Motar ta daina bin bayan tirela. Ba ta tashi sama ba, amma in Auta ya ga hanya ya taka, tana wucewa ta koma hannunta da sauran fili. Mai keke bai ƙara ɗaga hannu ba. Zaman makoki kuwa ya ƙara tsawo, kuma yanzu Auta ne limaminsa.

Da labari ya tsaya a nan, da an ce kowa ya yi hankali. Amma wanda ya ɗanɗana ba ya cewa ya ƙoshi. Wata ranar hutu da hantsi suna kicin, Inna na zaune kan kujera tana tsince wake a faranti, Rabin-Juyi na shan shayi, Auta ya shigo yana juya makulli a yatsa.

"Baba, na bi ta wurin Mai Kwamfuta. Ya ce injin nan yana da sauran wuri sosai. Ya ce irinsa yana ɗaukar fiye da haka."

"Gaskiya ya faɗa."

"To me ya sa za mu bar shi a ajiye?"

"Wurin da ya rage na ranar da za ka sha mai marar kyau ne, da ranar da fankar lagireto za ta yi gardama a cunkoso."

"Rabi kawai, Baba. Ba ma cikakke ba."

Rabin-Juyi ya waiwayi Inna, yana jiran ta ɗaga ido ta gama masa aikin. Shekara da shekaru idon nan yana cin shi, yau dai zai ci wani. Inna ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Ka ƙara masa mana, Malam."

Shayi ya kusa sarƙe shi. "Ke?"

"Ni. Tun da aka gyara motar nan nake riga matar nan mai surutu zuwa, ina samun gadon bakin taga. Jiya da ƙyar na riga ta, ɗanta ya sayi sabuwar mota. Kuma in Auta ya taka, bayana yana mannewa da kujera, ina jin daɗin abin. Na tsufa ina bin bayan tirela, ashe haka duniya take a gaba."

"Ka ji ko, Baba? Inna ma ta ce."

"Kai Malam, ka cika tsoro," in ji ta. "Mutumin da ya ɗora wa tukunya noti ko gezau, yau shi ke rowar rabin juyi."

Rabin-Juyi ya ajiye kofin. Ya ɗaga kai, a karo na farko da kansa ba tare da an sa shi ba, ya daɗe yana kallon tabon nan mai faɗin faranti. Auta ya bi shi da ido. Inna ma, da ba ta da yadda za ta yi, ta ɗaga nata.

"Waccan da ta fashe, washegari na shiga kasuwa na sayo wata," in ji Rabin-Juyi. "Ke kuwa tun ranar da likita ya yi magana nake zagaya masu kayan gyara. Sun ce an daina yin irinki."